Dukiyar Da Ke Fita Ta Bututun Hayaƙi

Sanin kowa ne cewa wuta ba ta ci sai da iska. Uwargida mai fifita murhu da mafici ta san haka, maƙeri mai zuga ya sani, haka ma ɗalibin da ya taɓa kife kofin gilashi a kan kyandir mai ci ya ga yadda ya mutu. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ita iskar nan ba kyauta take yi wa wuta aiki ba. Da sanyinta take shiga, da zafi take fita, kuma duk zafin da ta kwasa ta yi sama da shi an riga an biya kuɗinsa a wurin mai itace, ko mai gawayi, ko mai sayar da baƙin mai.

An daɗe a Nijeriya ana tarurruka a kan sababbin hanyoyin samun makamashi, daga hasken rana zuwa gas da ƙarfin iska, kuma babu laifi a cikin haka. Sai dai makamashin da ya fi kowane arha shi ne wanda an riga an saya, an kunna, ana kuma kallo yana tserewa ta bututun hayaƙi. Ya kamata a ce dabarar kamo wannan zafi a mayar da shi cikin wuta tana cikin abubuwan farko da ake nuna wa ɗalibin sakandare idan an zo darasin zafi, tana kuma cikin ayyukan da kwalejojin fasaha suke sa ɗalibansu su ƙera da hannunsu. A yawancin makarantu kuwa, darasin yakan tsaya ne a kan haddar ƙa'idar lissafi domin jarrabawa, ɗalibi ya fita bai taɓa jin cewa wannan ƙa'ida ta taɓa sauya arzikin wata ƙasa ba.

Lissafin ba shi da wuya. Iskar da ake shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai nata oksijin, wato sinadarin da wuta take bukata. Kashi 78 naitirojin ne, wanda ba ya ci, ba ya kuma taimaka wa ci. Ɗan rakiya ne, amma dole a ɗumama shi tare da sauran. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da zafi kimanin kilojul 15,000, kuma yana bukatar iska kilo biyar zuwa shida kafin ya ƙone sarai. A tanderun da bakinsa yake a buɗe, iskar da ke kutsawa takan ninka haka, don haka a ɗauka kilo 12 ce. Wannan iska ce da za ta cika durom hamsin, duk saboda itacen da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Idan aka haɗa da nauyin itacen, hayaƙin da zai fita ya kai kilo 13. Ɗaga zafin kilo ɗaya na iska da digiri ɗaya yana cin kimanin kilojul ɗaya. To, a ce iskar ta shiga tana digiri 30 a ma'aunin Santigireti, hayaƙin ya fita yana digiri 400. Bambancin 370 ke nan, a ninka shi sau 13, sai a sami kilojul 4,810. Wato kusan kashi ɗaya bisa uku na zafin itacen bai taɓa tukunya ba, bai gasa komai ba, tsuntsayen da ke shawagi a sama kawai ya ɗumama.

Yanzu a ce an bi da iskar da za ta shiga wuta ta cikin wani bututun ƙarfe wanda hayaƙin yake lasar bayansa, har ta ɗumama daga digiri 30 zuwa 180. Kilo 12 sau 150 ya ba da kilojul 1,800, wato kashi 12 cikin ɗari na zafin itacen ya dawo gida. Kusan ɗauri ɗaya ke nan cikin kowane ɗauri takwas. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, haka nan da zafin da wuta ta riga ta bayar ake taimaka mata ta ci.

Tarihin wannan dabara ya faro ne da wani kuskure da gwanaye suka daɗe a kansa. A farkon ƙarni na goma sha tara, masu narka tama a Birtaniya sun lura cewa tanderunsu ya fi aiki da kyau a lokacin sanyin hunturu fiye da lokacin zafi. Abin da suka gani gaskiya ne. Daga nan suka yanke hukuncin cewa iska mai sanyi ita ce ta fi dacewa da zuga, har wasu suka riƙa neman hanyar ƙara sanyaya ta. Ashe dalilin daban ne. Iskar hunturu ba ta ɗauke da laima mai yawa, laima kuwa ita ce take shanye zafin tanderu. Bushewar iskar ce take taimakonsu, su kuma suna gode wa sanyinta. Wannan labari kaɗai ya isa malamin kimiyya ya cika darasi guda da shi, domin yana nuna yadda mutum zai ga abu daidai da idonsa, ya kuma fassara shi ba daidai ba.

Wanda ya warware wannan kuskure ba ma'abucin narka ƙarfe ba ne. James Beaumont Neilson manajan kamfanin gas ne na birnin Gilasgo a Sukotlan. A shekarar 1828 ya yi rajistar dabarar ɗumama iska kafin a hura ta cikin tanderu. Masu sana'ar ba su yi marhabin da shawarar ba, don ta saɓa wa abin da suka gada, kuma mai tanderu ba ya son a yi gwaji da abin da yake ci da shi. Da ƙyar aka ba shi dama a masana'antar ƙarfe ta Clyde. A shekarar 1829, da iska mai sanyi, ana ƙona kwal kimanin tan 8 kafin a sami tan ɗaya na ƙarfe. A 1830, da aka ɗumama iskar zuwa digiri 150, sai abin ya sauko zuwa tan 5 da ɗan ɗori. Zuwa 1833, da zafin iskar ya haura digiri 300, bai kai tan 3 ba, kuma an sami damar zuba ɗanyen kwal kai tsaye ba sai an gasa shi tukuna ba. Cikin shekara goma ƙarfen da Sukotlan take samarwa ya ninka sau da dama. Matsala ɗaya da ta taso ita ce bakin bututun zugar ya riƙa narkewa saboda zafi, har sai da aka ƙera wanda ruwa yake zagayawa a jikinsa.

Mai karatu mai lura zai ga wani abin mamaki a nan. Zafin da aka zuba cikin iskar bai kai yawan kwal ɗin da aka tsimi ba, ko kusa. To daga ina ribar ta fito? Amsar ita ce, a aikin narka ƙarfe ba kowane zafi ne yake da amfani ba, sai wanda ya ɗara matakin da aikin yake bukata. Alal misali, idan aikin yana son digiri 1,400, harshen wutar kuma ya tsaya a 1,600, rarar digiri 200 ɗin nan ita ce take aiki, saura duk share fage ne. Idan iska mai zafi ta ɗaga harshen wutar zuwa 1,800, rarar ta zama 400, wato ta ninka, alhali ƙarin da aka yi bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa duk aikin da ya fi bukatar zafi mai tsanani, shi ya fi cin ribar ɗumama iska.

Sai dai Neilson bai kamo zafin da ke tserewa ba. Wuta ta dabam yake hurawa da kwal don ɗumama iskarsa. Wani injiniya Bajamushe mai suna Faber du Faur, a masana'antar Wasseralfingen, shi ne a farkon shekarun 1830 ya juya ga iskar da ke fita ta saman tanderun kanta, wadda a da ake bari tana ci da wuta a banza, ya sa ta ɗumama iskar zuga. A 1856 Friedrich Siemens ya yi rajistar tanderu mai ɗakuna na jeren tubali, wanda shi da ɗan'uwansa William suka inganta, aka yi amfani da shi wajen narka gilashi, daga baya kuma wajen yin baƙin ƙarfe mai inganci. A 1857 Edward Cowper ya kawo irin wannan tsari ga tanderun narka tama. Dogayen hasumiyoyin nan da ake gani tsaye kusa da kowane babban tanderun tama na zamani har yau da sunansa ake kiransu, kuma suna kai iskar zuga sama da digiri 1,000.

Daga waɗannan gwaje-gwaje ne aka sami hanyoyi biyu da ake bi har yanzu. A ta farko, hayaƙi yana gefe ɗaya na bangon ƙarfe, iska tana ɗaya gefen, zafi yana ratsa bangon ba tare da su biyun sun gauraya ba. A ta biyu, ana barin hayaƙi ya bi ta cikin jeren tubali har tubalin ya yi ja, sannan a juya hanya a tura iska mai sanyi ta cikinsa ta kwashe zafin, shi kuma hayaƙin ya koma ɗumama wani ɗakin. Duk wanda ya taɓa dafa dutsen murhu bayan an kashe wuta da daɗewa ya ji yana ƙuna ya san yadda dutse yake ajiye zafi. A shekarar 1920 Fredrik Ljungström, mutumin Suwidin, ya ƙera wata babbar ƙafa mai cike da siraran faranta na ƙarfe, tana juyawa a hankali, rabinta cikin hayaƙi, rabinta cikin iska. Irinta ce take aiki a yawancin manyan tashoshin lantarki masu tukunyar tururi a duniya. Injiniyoyin tukunyar tururi suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: duk digiri 20 ko kusa da haka da aka rage daga zafin hayaƙi yana tsimin kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na mai.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce ga manyan masana'antun ƙasar nan. A masana'antar siminti, irin ta Ashaka a Jihar Gombe ko ta Sakkwato, ana gasa garin dutse a zafin da ya kai digiri 1,450. A tsarin siminti na zamani hayaƙin tanderu ne yake fara ɗumama garin kafin ya shiga, iskar da aka sanyaya gasasshen dutsen da ita kuma ita ce take komawa ta ciyar da wutar. Babu mai gina irin wannan masana'anta ya bar waɗannan a baya, don ba zai iya gogayya a kasuwa ba. Inda giɓin yake shi ne a ƙananan sana'o'i, waɗanda ba su da injiniya, ba su da ma'aunin zafi, amma idan aka tara itace da gawayin da suke ci a shekara sai a ga daji guda: masu turara shinkafa a Kura da makamantanta, masu dafa mazarƙwaila a yankin Maƙarfi, masu narka sanholo su zuba tukwane, masu gasa jan bulo, da gidajen burodi da ke kowace unguwa. Itacen da suke ƙonawa daga dazuzzukan da hamada take matsa wa yake fitowa, kuma kullum sai an ƙara nisa kafin a samo shi.

Dalilin da ya sa aka yi sakaci ba boyayye ba ne. Wanda yake samun abu da arha ba ya tsiminsa. Ƙasashen Turai da Japan ma ba su tashi tsaye a kan wannan batu ba sai da farashin man fetur ya yi tsalle a shekarar 1973, har Japan ta kafa dokar tsimin makamashi a 1979. A Nijeriya kuwa an shafe shekaru masu yawa gwamnati tana tallafa wa farashin mai, itace kuma ana ganinsa tamkar kyautar daji, kuɗin sara da na mota kawai ake lissafawa. Tsadar baƙin mai tana cikin dalilan da ake ambata na durƙushewar masaƙun Kaduna da Kano. Da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon itace da gawayi ya tashi tare da na komai. Lissafin da a da ba ya biyan kuɗin bututu, yanzu yana iya biya.

Duk da haka, zai zama yaudara a ce wa mai sana'a ya je ya naɗa bututu a kan tanderunsa shi ke nan. Akwai iyakoki, kuma wanda ya yi watsi da su zai yi asarar kuɗinsa, ya kuma ɓata wa dabarar suna a unguwarsu.

Iyaka ta farko ita ce, zafin hayaƙi ba duka ne asara ba. Shi ne yake sa hayaƙin ya fi iskar waje rashin nauyi, ya tashi sama, ya jawo sabuwar iska ta ƙasa. Idan aka sanyaya shi fiye da kima, ko aka cika masa hanya da bututai, jan zai yi rauni, wuta ta fara turnuƙewa. Manyan masana'antu suna magance wannan da fanka mai aiki da lantarki, abin da mai turara shinkafa a ƙauye ba zai dogara da shi ba. A misalin da aka kawo a baya, hayaƙin zai sauko ne daga digiri 400 zuwa kimanin 260, kuma wannan ya isa ya ja iska a bututu mai tsawo. Kwaɗayin kwashe zafin duka shi ne yake kawo matsala.

Ta biyu ta fi ta farko ɓarna domin a ɓoye take aiki. Baƙin mai da kwal suna ɗauke da farar wuta. Idan ta ƙone ta haɗu da tururin da ke cikin hayaƙi, kuma jikin ƙarfen ya yi sanyi ƙasa da digiri 120 zuwa 150, sai raɓa ta sauka a kansa, raɓar kuwa asid ce irin ta ruwan batir. Tana iya cinye bututu cikin ɗan lokaci. Itace ba shi da farar wuta mai yawa, amma yana da tasa cutar: kwalta da kunkunniya sukan daskare a jikin ƙarfe mai sanyi, su hana zafi ratsawa, wata rana kuma su kama da wuta. Saboda haka duk abin da za a ƙera dole a bar masa ƙofar shara. Idan kuma bututun ya huje, hayaƙi mai ɗauke da kabon monoksaid, iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari, yana iya bin hanyar da ba tasa ba. Wannan ya sa bai dace ko kaɗan a bi da iskar da aka ɗumama da hayaƙi kai tsaye kan abinci ko cikin ɗakin kwana ba tare da an tabbatar da ingancin waldar ba. Masana sun kuma gano cewa idan harshen wuta ya yi zafi ƙwarai, naitirojin ɗin nan ɗan rakiya yakan haɗu da oksijin ya haifar da iska mai gurɓata yanayi, amma wannan damuwar manyan tanderu ce.

Ta uku ita ce ba kowace wuta ce take bukatar wannan magani ba. Murhun duwatsu uku ba shi da bututu, zafinsa ta ko'ina yake watsewa, don haka abin da yake bukata shi ne a killace shi. Tanderun burodi na gargajiya, wanda ake ƙona itace a cikinsa a share toka sannan a jera kwanoni, shi kansa ma'ajiyar zafi ne, kuma gyaransa na farko shi ne murfi mai kyau da busasshen itace. Rage iskar da ke kutsawa ba bisa bukata ba ya fi komai arha, kuma shi ya kamata a fara yi ko'ina. Injin mota da janareta kuwa iska mai sanyi suke so, domin ta fi nauyi, ta fi cika silinda da oksijin. Ɗalibin da ya ɗauki darasin Neilson ya kai shi kan injin babansa zai maimaita kuskuren masu narka tama ne ta bayan gida.

Idan aka tace, waɗanda suka fi cancanta a fara da su su ne masu wutar da take ci na sa'o'i da yawa a jere, mai zafi sosai, wadda kuma ake hura mata iska da ƙarfi. Masu narka sanholo sun cika waɗannan sharuɗɗa. Ƙarfen da suke narkawa yana bukatar digiri 660, gawayi suke saya da kuɗi, kuma sun riga sun mallaki abin zuga, ko na hannu ko na lantarki, don haka raunin jan bututu bai shafe su ba. Abin da ake bukata shi ne a bi da bututun zugar ta inda harshen wutar yake fita kafin ya shiga gindin tanderu. Ga masu mazarƙwaila da masu shinkafa kuwa, wataƙila ya fi sauƙi a sa hayaƙin ya fara ɗumama ruwan rake ko ruwan jiƙo na gaba, kamar yadda masu irin wannan sana'a a Indiya suke jera kasake biyu ko uku a kan hanyar hayaƙi guda. Masu walda da za su iya wannan aiki suna nan a Panteka ta Kaduna da kasuwannin Kano. Abin da ba su da shi shi ne wanda zai auna musu, ya gaya musu faɗin bututu da tsawonsa. Wannan kuwa aikin jami'o'i ne da kwalejojin fasaha da cibiyoyi irin Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma aiki ne da ya fi dacewa da ɗalibin shekarar ƙarshe fiye da kwafo zanen injin da ba za a taɓa ƙerawa ba.

Makarantar sakandare ma tana da abin yi, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ma'aunin zafi na gilashi da ke ɗakin gwaji yawancinsa bai wuce digiri 110 ba, zai fashe idan aka kai shi bakin hayaƙi. Amma da yawa daga cikin mitocin da masu gyaran rediyo suke amfani da su suna zuwa da wata siririyar waya mai auna zafi har ɗaruruwan digiri. Da ita, da sikeli, da ƙaramin tanderun laka mai abin zuga, ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya yin gwajin a fili, a ƙarƙashin kulawar malami. A auna gawayi, a tafasa ruwa lita biyar da iska mai sanyi, a rubuta lokacin da aka ɗauka da nauyin gawayin da ya rage. Kashegari a maimaita da gawayi irin na jiya da tukunyar jiya, amma a bi da bututun zugar ta cikin hayaƙi. A yi kowane gwaji aƙalla sau uku, domin iskar gari da laimar gawayi suna sauya sakamako, kuma a rubuta har da ranakun da bambancin bai fito ba. Bututun da za a yi amfani da shi ya zama na baƙin ƙarfe, kada a ɗauki farin bututun famfo mai rufin tutiya, don hayaƙin da yake fitarwa idan ya yi zafi yana sa zazzaɓi.